Taɓin hankali a jini: abin da fina-finan binciken asiri na ƙasar Sin ke nunawa, da abin da likitoci da doka suka ce

Wanda ya saba bin fina-finai masu dogon zango na ƙasar Sin, musamman na binciken kisa da ɓatan mutum, yakan gane wannan zubi tun kafin labari ya yi nisa. Abokai ne uku ko huɗu, tashin unguwa ɗaya a wani ƙaramin gari, ajinsu ɗaya, sirrinsu ɗaya. Rana tsaka sai ɗaya ta ɓace, ko a tsinci gawa a bakin kogi, kowa ya kama gabansa. Bayan shekaru goma sha wani abu, wani dalili ya sake haɗa su. Ana cikin tone-tone sai a gano cewa a gidan ɗayansu akwai ɗakin da ake rufewa idan an yi baƙi, akwai uwar da aka ce ta tafi aiki wani birni alhali tana kwance a asibitin masu taɓin hankali, akwai kwalbar magani da aka ɓare takardar jikinta don kada wani ya karanta sunan. Daga nan labari ya juya. Ashe ciwon da ya kama uwa ya fara taɓa 'ya, kuma ba duk abin da mai kallo ya gani ta idonta ne ya faru ba.

Zubi ne mai riƙe mutum har tsakar dare, amma yakan bar shi da tambayoyin da fim bai tsaya amsawa ba. Shin taɓin hankali ana gadonsa kamar yadda ake gadon sikila? Ɗan mai lalurar dole ne ya kamu? Mai ciwon haɗari ne ga aminansa? Me kuma ya sa marubutan Sin ke yawan komawa ga wannan jigo? Tun da irin waɗannan fina-finai na isowa wayoyin mutane ta YouTube da manhajoji irin su iQIYI da WeTV, tambayoyin sun wuce na Sinawa kaɗai, kuma amsar da mai kallo ya ɗauka tana iya shafar yadda zai kalli maƙwabci, ko yarinyar da ɗansa ya kawo zai aura.

## Daga ƙarfe 11 na dare zuwa wayar hannu

Sinawa na kiran wannan rukuni xuanyi, wato labarin da ke barin mai kallo cikin kokwanto da zullumi har fitowa ta ƙarshe. Ba kullum yake da sararin da ya samu yau ba. A shekarar 2004 hukumar kula da rediyo, fim da talabijin ta ƙasar ta ba da umarnin kawar da fina-finan aikata laifi daga lokacin da iyali ke zaune gaban akwati, aka mayar da su bayan ƙarfe 11 na dare. Lokaci ne da masu talla ba sa zuba kuɗi, sai masu shiryawa da dama suka koma fina-finan tarihi, na yaƙi da na zaman iyali.

Intanet ce ta farfaɗo da shi. Kamfanonin iQIYI, Youku da Tencent Video suka shiga zuba jari a fina-finan da ake kallo ta manhaja. A 2017 Youku ya fitar da Day and Night, har Netflix ya sayi haƙƙin nuna shi a ƙasashen waje. A 2020 iQIYI ya saki The Bad Kids mai fitowa 12 kacal, labarin yara uku da kyamararsu ta ɗauki wani kisan kai ba da niyya ba. Wannan fim ba kan ciwon gado aka gina shi ba, amma ya nuna wa kasuwa abin da ke ja: gajeren zango, abotar ƙuruciya, gidan da ya tsage ta ciki, da ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. A farkon shekarar 2020 ɗin ce hukumar ta nemi masu shiryawa su daina wuce fitowa 40, ta kuma ƙarfafa gwiwar masu gajerun fina-finai. Gajeren labari kuwa yana buƙatar sirri guda mai nauyi da zai ɗauke shi tun daga farko har ƙarshe.

## Me ya sa sirrin yakan zama ciwon ƙwaƙwalwa

Babban dalili yana wajen masu tace fina-finai. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin masu shirya fina-finan talabijin na ƙasar suka tsara, waɗanda suka fito fili a farkon 2016, sun hana yayata abin da suka kira camfi, suka ambaci shigar ruhi jikin mutum, sake haihuwa bayan mutuwa, da tsafi. Fina-finan almara da ake ginawa a wata duniya ta can baya suna da sassauci, shi ya sa ake ganin aljanu da dodanni a cikinsu. Amma labarin da ke faruwa a Sin ta yau, da 'yan sanda da wayoyi, ba zai ƙare da cewa fatalwa ce ta yi kisan ba. Dole a samu bayanin da hankali zai ɗauka, dole kuma mai laifi ya gamu da hukunci.

To, marubucin da ya shafe fitowa goma yana tsorata mutane da inuwa a bakin taga da murya cikin duhu, ina zai fita? Ƙofofin da suka rage masa kaɗan ne: mafarki, ƙwaya, makirci, ko taɓin hankali. Idan ya zaɓi na ƙarshen ya kuma ce na gado ne, ya samu riba ninki. Ciwon ya bayyana gane-ganen, ya bayyana ƙaryar da iyali suka yi shekaru suna yi, ya kuma ba jarumar wani tsoro da ke bin ta a baya, wato ranar da nata zai tashi. A taƙaice, ciwon gado na yin aikin da tsinuwa ko bakin iyaye ke yi a labaran wasu al'ummu. Nan ne tushen ruɗanin, domin tsinuwa a labari ba ta kuskure, shi kuwa gado a jikin ɗan Adam ba haka yake aiki ba.

Akwai kuma al'ada. Ci gaban zuriya na da nauyi ƙwarai a tunanin Sinawa. Tsohuwar koyarwar Mencius, wani malamin falsafar Sin na zamanin dā, ta ɗauki rashin barin baya a matsayin mafi girman saɓa wa iyaye, kuma akwai karin maganarsu da ke cewa abin kunyar gida ba a fitar da shi waje. A gidan da aka san akwai mai taɓin hankali, abin da ake tsoro ba jinyar kaɗai ba ce. Ana tsoron kada a ƙi auren 'yan'uwansa. Don haka ɗakin da ake rufewa da kwalbar da aka ɓare wa takarda ba ƙirƙirar marubuci ba ne zalla, abubuwa ne da masu kallo suka sani a zahiri.

## Cututtukan da ake cakuɗawa

Fim yakan tattara alamomi daga cututtuka daban-daban ya ɗora wa mutum ɗaya. Likitoci kuwa sun raba su.

Sikizofireniya ita ce aka fi nufi idan ana maganar ciwon da ya bi jini a irin waɗannan labarai. Mai ita yakan ji muryoyin da babu su, ya yi imani da abin da ba shi da tushe, kamar cewa ana bibiyarsa ko an sa masa guba, tunaninsa da maganarsa su warwatse, ya janye daga mutane, ya daina kula da kansa. Takan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma ga mata takan ɗan jinkirta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ke ɗauke da ita, wato mutum 1 cikin 300. A Sin, babban binciken da aka yi tsakanin 2013 da 2015 kan mutum 32,552, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa kashi 16.6 cikin 100 na manya sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, amma mafi yawa ciwon fargaba ne da na damuwa. Sikizofireniya ta tsaya a wajen mutum 6 cikin 1,000.

Bayifola dabam ce. Mai ita yakan shiga lokacin tashin yanayi, barci ya ƙaurace masa, magana da kashe kuɗi su yi yawa, sannan ya faɗa lokacin baƙin ciki mai zurfi. Ita ma tana da alaƙa mai ƙarfi da gado.

Abin da fim ya fi so, wato mutum ɗaya mai halaye biyu ko uku da ba su san juna ba, ɗaya salihi ɗaya makashi, wata lalura ce ta daban kuma ba ta da yawa. Likitoci sun fi danganta ta da muguwar azaba ko cin zarafi a ƙuruciya, ba jini ba. Mai sikizofireniya ba ya rikiɗa ya zama wani mutum. Haka nan makashin da ke tsara laifinsa cikin natsuwa, ya share sawunsa, ya yaudari 'yan sanda na tsawon shekaru, ba hoton mai wannan ciwo ba ne, domin ciwon kansa yana rage wa mutum ikon tsara al'amura.

Ciwon ƙwaƙwalwa da ke bin jini kai tsaye yadda fim ke nunawa akwai shi, misali cutar Huntington, wadda ƙwayar gado guda ce ke kawo ta, kuma kowane ɗan mai ita na da rabin yiwuwar gadonta. Sai dai cuta ce da ba a cika samu ba, kuma ta fi ƙaranci a gabashin Asiya fiye da Turai.

## Lissafin gado

Nan ne ya kamata a tsaya sosai, saboda adadi guda ne ke rikita mutane. Za a ji an ce gado na da hannun kusan kashi 80 cikin 100 a sikizofireniya. Gaskiya ne, masana na faɗin haka. Wani bincike a ƙasar Danmak da ya bi tagwaye sama da 30,000, aka wallafa a 2018, ya samu kashi 79. Amma wannan adadi ba ya nufin ɗan mai ciwo na da yiwuwar kashi 79 ya kamu. Yana magana ne kan al'umma gaba ɗaya: idan aka tambayi me ya sa wasu suka fi wasu kusa da kamuwa, kaso mafi girma na bambancin daga ƙwayoyin gado yake.

Wannan binciken ne kuma ya kawo adadin da ya fi amfani ga mai kallo. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙwai guda, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Da ciwon hukuncin jini ne kawai, da duk wanda Hassan ɗinsa ya kamu, Husaini ma zai kamu. Abin da aka samu shi ne kashi 33 cikin 100. Wato a cikin uku, biyu sun tsira duk da cewa jininsu ɗaya da mai ciwon. A tagwayen da ba su kama ɗaya ba, kashi 7 ne.

Wani binciken na 2010, shi ma daga rajistar asibitocin Danmak, ya duba mutum kimanin miliyan 2.7 har zuwa shekara 52. Wanda babu mai ciwon a iyayensa, yiwuwar ta tsaya a kashi 0.86. Wanda uwa ko uba ɗaya ke da shi, kashi 7. Wanda iyayen biyu ke da shi, kashi 27.3. Haɗarin ya ƙaru matuƙa, wannan ba abin musu ba ne, kuma mai cewa gado ba shi da hannu ya yi kuskure. Amma a juya adadin a gani: cikin yara 100 da uwarsu ko ubansu ke da ciwon, 93 ba a same su da shi ba. Jarumar fim da ke kwana tana jiran ranar da za ta zama kamar mahaifiyarta ta fi kusa da waɗannan 93 ɗin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mafi yawan masu sikizofireniya iyayensu lafiya lau suke, don haka gidan da babu tarihin ciwon ba shi da tabbacin tsira.

Dalilin bambancin da sikila a fili yake. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, kuma gwajin jini zai nuna tun kafin aure. Sikizofireniya ba ta da ƙwaya guda. Babban binciken haɗin gwiwa na duniya da aka wallafa a 2022 ya gano wurare 287 a jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da ita, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri, kuma kowa na ɗauke da wasu daga ciki. Wani binciken na 2019 da ya ƙunshi marasa lafiya 22,778 'yan gabashin Asiya ya nuna cewa tsarin kusan ɗaya ne da na Turawa, don haka waɗannan alƙaluma ba na wani launin fata kaɗai ba ne. Shi ya sa babu gwajin jini da zai ce wannan zai kamu, wancan ba zai kamu ba. Wurin da fim ke nuna takardar asibiti da ta tabbatar wa yarinya cewa ciwon na jikinta yana jira, wannan takarda babu ita a hannun likitoci.

Mai ɗauke da gadon kamar gidan da aka gina a kwari yake. Ya fi na kan tudu kusa da ambaliya, amma sai ruwa ya yi yawa kafin ya ci shi, kuma magudana mai kyau na rage ɓarna.

## Abin da yunwar 1959 zuwa 1961 ta nuna

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi kan cewa ba jini kaɗai ba ne ta fito ne daga tarihin Sin kanta. Tsakanin 1959 da 1961 ƙasar ta faɗa muguwar yunwa da ta halaka miliyoyin mutane, kuma lardin Anhui na cikin inda abin ya fi muni. Shekaru bayan haka, masana daga Sin da Birtaniya suka shiga ɗakin ajiyar takardun asibitin masu taɓin hankali na yankin Wuhu, wanda shi kaɗai ne ke kula da mutum kimanin miliyan 3. Suka bi fayil-fayil na shekaru talatin, daga 1971 zuwa 2001, suna duba shekarar haihuwar kowane majinyaci. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa yiwuwar kamuwa ga waɗanda aka haifa a 1959 kashi 0.84 ce, amma ga na 1960 ta haura zuwa 2.15, ga na 1961 kuma 1.81. Jinin mutanen Wuhu bai canza cikin shekara guda ba. Abin da ya canza shi ne abin da mata masu juna biyu suka samu suka ci.

An riga an ga irin wannan ninkin a Holan, tsakanin waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, kuma wani bincike a yankin Liuzhou na Guangxi ya sake tabbatar da shi a 2009. A Finland kuma an bi yaran da iyayensu mata ke da ciwon, waɗanda wasu iyalai suka riƙa. Waɗanda suka tashi a gida mai natsuwa sun fi tsira nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka tashi a gidan rikici. Sauran abubuwan da aka san suna ƙara haɗari sun haɗa da wahalar haihuwa, cin zarafi a ƙuruciya, da shan tabar wiwi mai yawa tun ana matashi.

Wannan ya shafi yadda za a karanta fim ɗin kansa. Yarinyar da labari ke nunawa galibi ta tashi cikin duka, talauci, gori a makaranta da ɓoye-ɓoye. Marubuci zai ce jini ne ya kama ta. Likita zai ce abin da aka yi mata a wannan gida yana cikin lissafi.

## Doka da aure

Tsoron da jaruman ke nunawa game da aure na da tarihi a dokokin ƙasar. Dokar aure ta 1950 ta hana wanda ke da taɓin hankalin da bai warke ba yin aure, tare da mai kuturta. Dokar kula da lafiyar uwa da jariri, wadda aka zartar a 1994 ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 1995, ta sa gwajin kafin aure ya duba manyan cututtukan gado, wasu cututtuka masu yaɗuwa, da manyan lalurorin ƙwaƙwalwa, ta ambaci sikizofireniya da bayifola. Ta ce idan ciwon na kan tashi, a ɗage auren. Ta kuma ce wanda aka samu da babbar cutar gado da likita ya ga bai dace ya haihu ba, zai iya aure idan ma'auratan suka amince da hana haihuwa na dogon lokaci ko na dindindin. Masana ƙwayoyin gado a ƙasashe da dama sun soki dokar a lokacin, suna ganin ta buɗe ƙofar tace zuriya. Hukumomin Sin kuwa sun kare ta da cewa manufarta rage haihuwar yara masu naƙasa.

Daga baya an sassauta. Tun 1 ga Oktoban 2003 takardar gwaji ta daina zama sharaɗin rajistar aure. Kundin dokokin farar hula da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021 ya cire ciwo daga jerin abubuwan da ke hana aure, ya mayar da batun na gaskiya da amana. Sashe na 1053 ya ce wanda ke da babban ciwo dole ya sanar da abokin aurensa kafin rajista. Idan ya ɓoye, ɗayan na da damar zuwa kotu neman a soke auren cikin shekara guda daga ranar da ya sani, ko ya kamata ya sani. Abin lura shi ne sashen na magana kan ciwon da shi mai auren ke ɗauke da shi, bai ambaci na uwa ko na kaka ba.

Mai karatun da ya san fiƙihun Malikiyya zai ga kamanni. A can ma hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin raba aure idan an ɓoye, tare da kuturta da albaras, kuma magana ce ta wanda ke da aibin, ba danginsa ba. Binciken asali da dangi ke yi kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a Sin ko a ƙasar Hausa, shi ne yakan faɗaɗa abin ya haɗa da zuriya duka.

## Masu yabo da masu suka

Masu kare waɗannan fina-finai na cewa sun fito da abin da ake binnewa. Suna da hujja. Wani bincike a larduna huɗu na Sin da aka wallafa a 2009 ya gano cewa cikin masu lalurar ƙwaƙwalwa, kashi 8 cikin 100 ne kawai suka taɓa neman taimakon ma'aikacin lafiya. A irin wannan yanayi, fim ɗin da ya sa matashi ya ji sunan ciwo, ya ga asibiti, ya ga cewa akwai magani, ya yi wani aiki. Ana yawan kafa misali da The World Between Us, wanda aka yi a Taiwan a 2019, saboda ya nuna matashi mai sikizofireniya a matsayin ɗan'uwa da ake jinya, ya kuma nuna yadda ciwon ya girgiza shirin auren yayarsa.

Masu suka na cewa matsalar ba ambaton ciwon ba ce, wurin da ake ajiye shi ne. A labarin bincike, ciwon yakan fito a matsayin amsar tambayar wa ya yi kisan. Idan aka maimaita haka fim bayan fim, mai kallo zai haɗa biyun a ransa. Abin da bincike ya nuna yana tsakiya. Nazarin da ya tattara bincike 20 a 2009 ya samu cewa haɗarin tashin hankali ya ɗan fi yawa ga masu sikizofireniya, amma kaso mai yawa na wannan ƙari na da alaƙa da shaye-shaye. Mafi yawansu ba sa cutar da kowa, kuma sun fi sauran jama'a faɗawa hannun masu cin zali. Masu sukar na da madogara a doka ma. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Sin, wadda aka yi shekaru 27 ana tsarawa kafin ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 2013, ta faɗa a sashe na 5 cewa rahotannin jarida da ayyukan adabi da fasaha kada su ƙunshi wariya ko cin mutuncin masu lalurar.

Akwai wani ruɗani da fina-finan ke ciyarwa, cewa takardar likita na wanke mai laifi. Sashe na 18 na dokar manyan laifuka ya ɗauke hukunci ne kawai idan binciken ƙwararru ya tabbatar mutum bai iya gane abin da yake yi ko kame kansa ba a lokacin da ya aikata. Mai ciwon da ke zuwa yana tafiya, idan ya yi laifi yana cikin hayyacinsa, za a hukunta shi. Wanda hankalinsa ya ragu amma bai gushe ba, za a hukunta shi, ana iya sassautawa. Wanda aka ɗauke wa hukuncin kuma kotu na iya tura shi jinyar dole.

Gwamnati a nata ɓangaren na nuna shirin da ake kira 686, wanda ya samo suna daga yuan (kuɗin ƙasar Sin) miliyan 6.86 da aka fara ware masa a ƙarshen 2004. Ta wannan shiri aka kai kulawa unguwanni da ƙauyuka, aka ba talakawa magani kyauta, aka kwance wasu da iyalansu suka ɗaure ko suka kulle a gida. Yau sama da mutum miliyan 6 ke cikin rajistar masu manyan lalurorin ƙwaƙwalwa. Wasu masana na ganin rajistar ta ceci rayuka, wasu na ganin tsoron shiga cikinta na sa iyalai ƙara ɓoyewa.

## Matsayin aboki

Ba banza aka sa abokai a tsakiyar labarin ba. Daga 1980 zuwa ƙarshen 2015 Sin ta bi tsarin haihuwar ɗa ɗaya, musamman a birane. Masu rubuta waɗannan fina-finai da masu kallonsu da yawa sun tashi ba wa ba ƙane, abokin ƙuruciya shi ne ɗan'uwa. Kuma tun da ciwon na fara nuna kansa ne a shekarun sakandare da jami'a, abokin aji ko na ɗakin kwana yakan riga iyaye ganin canji: rashin barci, zargin kowa, magana shi kaɗai, daina wanka, daina zuwa aji.

A fim, amincin aboki yakan zama rufa asiri. Ya ɓoye shaida, ya yi wa 'yan sanda ƙarya, wani lokaci har ya taya zubar da magani. A asibiti kuwa abin da aka sani shi ne, iya daɗewar da ciwon ya yi ba a fara magani ba, iya wahalar murmurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum 1 cikin 3 masu sikizofireniya na iya warkewa sarai, wasu da dama kuma na rayuwa da aiki da iyali suna kan magani. Ta kuma ce masu ciwon sun fi sauran jama'a yiwuwar mutuwa da wuri ninki biyu zuwa uku, galibi saboda cututtukan jiki irin na zuciya da ba a kula da su ba.

A doka, aboki ba shi da ƙarfin da fim ke ba shi. Dokar 2013 ta ce kwanciya asibiti da yardar majinyaci ne, sai fa mai ciwo mai tsanani da ya cutar da kansa ko wasu, ko ake fargabar zai yi. Dangi na kusa ne ta ba damar kai mutum a duba shi, idan kuma akwai haɗari, wurin aikinsa da 'yan sanda ma na da alhakin yin haka. Idan hankalin baligi ya gushe, kundin farar hula ya jera masu kula da al'amuransa: miji ko mata, sai iyaye da 'ya'ya, sai sauran dangi na kusa. Wanda ba dangi ba yana zuwa ƙarshe, kuma sai da amincewar kwamitin unguwa ko na ƙauye, ko ofishin kula da harkokin jama'a.

Akwai dai hanya guda da aka buɗe wa kowane baligi tun Oktoban 2017, wadda yanzu take a sashe na 33 na kundin. Mutum na cikin hankalinsa zai iya zaɓar wanda ya amince da shi, ɗan'uwa ne ko ba ɗan'uwa ba, su rubuta yarjejeniya cewa shi zai kula da jinyarsa da al'amuransa idan wata rana ya kasa. Yawanci ana kai takardar ofishin tabbatar da takardu don ta yi ƙarfi. Tsofaffin da ba su da 'ya'ya a kusa na cikin waɗanda suka fi amfani da ita, amma sashen bai ware shekaru ba, kuma bai hana wanda ke da tarihin ciwon a gidansu sa sunan amininsa ba.